Amaryar da aka kawo daga Sabon Gari

Jiya na gama wani littafin soyayya da na saya a Samaru, labarin Bazazzagi da 'yar Kudu. Marubucin ya ƙare ƙarfinsa kan rigimar iyaye, ni kuwa matar Yayana na yi ta tunawa. Daga Sabon Garin Zariya aka ɗauko ta, Tudun Wada kawai ta ratsa ta shigo cikin birni ta Ƙofar Doka, amma kamar wata ƙasa aka kai ta. Ranar farko ta kira Yaya da sunansa gaban Hajiya, gida ya yi tsit. Hausa a bakinta ras, habaici ne ke wuce ta. Sai a kwashe da dariya a tsakar gida, ita tana tsaye riƙe da ludayi tana murmushin yaƙe. Har da ni a masu dariyar, Allah ya yafe min.