Karnuka Biyu a Kujerar Baya

Motoci huɗu gare ni na haya a nan Sakkwato, kuma yawancin aikinmu bai wuce kai amarya, ɗauko baƙi daga filin jirgi, ko kai ma'aikatan ƙungiyoyi Illela da Tambuwal ba. Shi ya sa ranar da wani likitan dabbobi ya shigo ofis ya ce yana son Hilux ta kwana takwas zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti da tsaunin Mambila, na gyara zama. Sai da muka gama ciniki ya ba da kafin alƙalami, sannan ya ce da karnukansa biyu za a yi tafiyar.

Babban direbana, wanda ya kusa haihuwata, ya ja ni gefe. "Alhaji, wanga aiki da kare cikin mota? Mi za mu ce ma amaryar da za ta zauna wurin gobe?" Gaskiyarsa. A wurinmu kare na gadi ne ko na farauta, wurinsa waje. Amma ba za a sa su a bodi ba, rana za ta gasa su kafin Gusau. Muka tsaya a kan tamfol bisa kujerar baya da bargo a samansa, kuɗin wankin mota daban, kuma likita ya nuna mini katin allurar ciwon haukan kare na kowannensu. Direban ya ce ya yafe alawus ɗin. Ni na ja motar da kaina.

Tafiyar ta fi kilomita 1,000: Gusau, Funtuwa, Zariya, Jos, Bauci, Gombe, Numan, Jalingo, sannan Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun take. Ba na bin hanyar Gusau da dare ko nawa za a biya ni, don haka kwana biyu muka yi a hanya. Duk bayan awa biyu sai an tsaya karnuka sun sha ruwa sun miƙe ƙafa. A shingen jami'an tsaro kuwa, da zarar babban karen ya leƙo da kansa ta taga, sai ka ga bincike ya zo da sauƙi.

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, ya ratsa Taraba da Adamawa, an kafa shi a 1991. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a ƙasar nan. Cikin kurmin dai ba mu shiga da karnuka ba. Likita ya ce akwai ƙudan tsando da kaska, ga birai da ka iya ɗaukar cuta daga dabbar gida, kuma gwaggon biri ba ya wasa da kare. Ranar da ya shiga tare da ma'aikatan gandu, ni aka bari a Serti da igiya biyu a hannu. Mai kamfani guda ya koma makiyayin karnuka, yara suna bina suna dariya.

Inda na san na zo baƙon wuri shi ne hawan Mambila daga Mayo Selbe. Mu direbobin Sakkwato titi shimfiɗaɗɗe muka sani, ka taka mota har ka gaji. Can kuwa kwana ce bisa kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, idona rabi a titi rabi a allurar zafin inji. Ƙaramin karen ya yi amai a kwana ta biyar ko ta shida.

"Alhaji, rage wuta," in ji likita. "Cikinsu ba ya son lilo."

Na koma giya ta biyu. A hankalin nan ne na fara ganin abin da ya biya kuɗi don ya gani: hazo kwance a ƙasa da mu, ciyawa har saman tuddai, shanun Fulani can nesa kamar an zuba tsakuwa. A Nguroje na sayi rigar sanyi, ni da ke kwana a tsakar gida watan Afrilu. Muka wuce gonakin shayi na Kakara, muka kwana Gembu, karnuka a dunƙule cikin bargon da na kawo don kare kujera.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji wari, daga nan birkin ya ɗauke. Giya ce ke riƙe mota. Duk da haka da muka dawo sai da bakanike ya sauya mini takalman birkin gaba, kuɗin da ban sa a lissafi ba, kuma daga ribata ya fita. Yanzu duk tafiyar dutse farashinta daban ne.

Sau uku aka wanke Hilux ɗin, aka turara ta. Direbana ya zagaya ya shinshina, ya tsinci gashi ɗaya a ƙasan kujera, ya ɗaga mini shi bai ce uffan ba.