Baƙin allo da daren Talata

Ranar Talata bayan isha'i, a shagona da ke Ƙofar Ƙaura, na cire Nouveau, wato direba (manhajar da ke sarrafa katin hoto na kwamfuta) da ya zo da tsarin kwamfuta na Ubuntu, na saka direban kamfanin NVIDIA mai ƙera katin, don bidiyon bikin wasu mutanen Daura yana ta jan ƙafa, ga shi na yi alkawarin miƙawa da safe. Ina sake kunna kwamfutar sai allo ya yi baƙi ƙirin, ɗan farin layi kawai ke ƙiftawa a kusurwa. Gabana ya faɗi.

Na danna Ctrl+Alt+F3 don buɗe allon rubuta umarni, na buga nvidia-smi, umarnin da ke duba katin, ya ce ya kasa magana da direban. Ashe DKMS, manhajar da ke haɗa direba, ya gina shi lafiya lau, Secure Boot ne, tsarin tsaron da ke tantance manhaja wajen kunna kwamfuta, ya hana shi lodawa, saboda injin bai san makullin da aka sa masa hannu da shi ba. Shuɗin allon nan na MOK, inda ake yi wa makullin rajista, da ya fito wajen kunnawa, na wuce shi ban karanta ba.

Wani abokina ya ce, "Malam, kashe Secure Boot ɗin ka huta." Ban yarda ba, kwamfutar cike take da ayyukan mutane. Na shigar da makullin da umarnin mokutil, na sake kunnawa, na zaɓi Enroll MOK (wato yi wa makullin rajista) a shuɗin allon, na sa kalmar sirri. Fankar katin ta ɗauka, hoto ya dawo tar. Ƙarfe biyun dare na gama bidiyon.