Hoto ya ce ƙalau, ashe ƙashi a tsage yake

Ni tela ne a Kano, da hannun dama nake cin abinci. Ana saura 'yan makonni ƙaramar Sallah babur ya zame da ni a kan yashi, na kai tafin hannu ƙasa na dafa don kada fuskata ta bugu. A wani asibitin unguwa aka ɗauki hoton wuyan hannun, ma'aikacin ya ɗaga shi ya duba, ya ce babu karaya, targaɗe ne kawai. Bandeji, maganin ciwo, shi ke nan. Na koma shago ina hamdala, ga ɗinkin mutane jibge.

Kumburin ya sace, yatsu suna motsi, kowa ya ce na warke. Almakashi ne ya ƙi yarda. Duk sanda na matse shi a kan shadda sai wani zafi ya soke ni a gindin babban yatsa. Na je wajen mai ɗori, ya ja, ya murza, ya shafa mai. Shi ma da ya ji an yi hoto ba a ga komai ba, targaɗen ya kama. Haka na lallaɓa har Babbar Sallah ta wuce, lokacin dutsen guga ma ya fara gagarata.

A asibitin ƙashi na Dala likita bai fara da hoto ba. Cewa ya yi in miƙe babban yatsa. Wani ɗan rami ya fito a gefen wuyan hannu tsakanin jijiyoyi, ya sa yatsansa ya danna, na kusa tashi daga kujera. Ya ce, "Malam, ranar da ka faɗi an danna maka nan?" Ba a danna ba. Abin da ko minti ɗaya bai kai ba, kuma ko sisi ba a biya!

A nan na san yadda hannu yake. Daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu ƙashi ɗaya ne, daga gwiwa zuwa wuyan hannu biyu, sannan daga nan zuwa kan yatsu guda 27: takwas a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Waɗancan takwas ɗin ƙanana ne, a jere sahu biyu, huɗu-huɗu. Wanda ke ƙarƙashin ramin nan likitoci na kiransa sikafoyid, bai fi ƙwayar kashu ba, kuma a cikinsu shi ya fi saurin karyewa in mutum ya faɗi ya dafa ƙasa. Matsalarsa biyu. In ya tsage bai goce ba, sau da yawa hoton ranar farko ba ya nuna komai, sai bayan kwana 10 zuwa 14 tsagar ke bayyana. Sannan jini ta ɓangaren yatsu yake shigarsa ya gangaro baya, saboda haka in ya tsage a tsakiya, rabin da ke wajen dantse yana iya rasa jini, ya ƙi haɗewa, wani lokaci ma ya mutu.

Ƙa'idar aikin kuwa sananniya ce. Wanda ya faɗi a kan tafin hannu, ramin nan yana masa ciwo, ana ɗaure hannun a hana shi motsi ko da hoto ya fito fes, a sake ɗauka bayan mako biyu, ko a yi MRI, wani hoton na'ura da ke iya nuna tsagar da hoton farko bai nuna ba, in da hali. Da an yi mini haka, da ƙila siminti na mako 6 zuwa 12 ya wadatar. Ni kuwa watanni na yi ina goga karaya da almakashi, saboda an ce mini targaɗe ne. Nawa bai haɗe ba. Sai da aka yi tiyata, aka ɗebo ɗan ƙashi daga ƙuguna aka cike gurbin, aka ɗaure da 'yar ƙusar ƙarfe. Ɗinkin bukukuwan shekarar gaba ɗaya ya wuce ni, wasu kwastomomin ba su dawo ba.

Ban ga laifin mai ɗori sosai ba, da abin da aka gaya masa ya yi aiki. Wanda ya riƙe hoto a hannu bai taɓa hannuna ba, shi ne har gobe nake jin haushinsa.

'Yan uwa masu sana'ar hannu, teloli, kafintoci, makanikai, masu kitso: motsin yatsu ba shaidar lafiyar ƙashi ba ne, nawa suna motsi tun ranar farko. Ku miƙe babban yatsa ku danna ramin da kanku. In ya yi zafi, ku gaya wa likita da bakinku, ku tambayi ranar da za a sake hoto, kada kuma ku bari a ja hannun kafin nan. Mai shan sigari ya ajiye ta, tana hana ƙashi haɗewa da wuri. Na koma kan keke, alhamdulillahi, amma wuyan hannun bai lanƙwasa baya kamar da, yankan yadi mai kauri kuma yarona ne ke yi.