Talata: wai ai jirgin ma ba kullum yake zuwa ba

Yau da wuri muka tashi saboda sunan gidan Yaya. Ana idar da sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, aka raba goro da dabino. Yarinya ta ci sunan Hajiya, kun san kuwa yau bakin Hajiya ba ya rufuwa, duk wanda ya shigo sai ta ce masa ka ga takwarata. Allah Ya raya mana ita.

Daga nan na dawo gida na kwashi Ummi da Auta a mashin. Mun makara kaɗan, kuma kun san tsallaken dogo da safe yadda yake cushewa, 'yan makaranta da 'yan sahu da masu kura duk lokaci ɗaya. Muna zuwa sai na ji hon ɗin jirgi daga can ɓangaren kudu. Ƙarfen tare hanyar nan dai tun daminar bara da tirela ta karya shi ba a mayar ba, gindinsa kawai ya rage, to kowa sai ya hau rige-rigen ya haye kafin jirgin ya ƙaraso. Wani ɗan sahu da ke gabana, cike da yaran firamare, tayarsa ta baya ta faɗa ramin nan da ke jikin ƙarfen dogo inda ruwa ya cinye kwalta, injin ya mutu. Ya yi ta ja ya ƙi tashi. Yaran masu faci da mai rake ne suka yi kukan kura suka turo shi waje, yaran ciki ma ba su san abin da ake ciki ba, wata 'yar ƙarama tana ta cin awararta. Jirgin kaya ne, a hankali yake tafiya, kuma da ɗan tazara a tsakani, ya zo ya wuce ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Mutane har da dariya ana tsokanar ɗan sahun. Auta yana ta ɗaga wa direban jirgi hannu yana murna. Ni kam gwiwoyina sun yi sanyi, sai da na kashe mashin na tsaya kafin na iya ci gaba.

Makaranta ba wani labari. Darasi biyu da 'yan SS2, sai zaman ofis. Shugaba ya sake maganar rijista.

Bayan la'asar na koma gidan Yaya, ana ta suyar naman rago, sai ga Honarabul ya zo barka. Na ji daɗin ganinsa wallahi, tun da ya zama kansila ba kasafai muke haɗuwa ba, kuma mutumin kirki ne, benci ɗaya muka zauna a firamare. Muka gaisa, aka yi raha, aka kawo mana zoɓo mai sanyi. Baffa na gefe a kujerarsa. Sai na ba shi labarin abin da na gani da safe, na ce Honarabul don Allah maganar tsallaken dogon nan ina aka kwana, an ce an sa shi a kasafin bana.

Ya ce, "Malam, an sa, da hannuna na kai. Amma ka san sawa daban, sakin kuɗi daban."

Na ce to me ya riƙe shi? Ya ce abu biyu ne. Na farko dogo da filin da ke gefensa duk na hukumar jiragen ƙasa ne, ta tarayya, ƙaramar hukuma ba ta da hurumin ta je ta kafa ko ƙusa sai da izini, an rubuta takarda ana jiran amsa. Na biyu kuɗin ne babu, kafin kaso ya iso hannunsu an cire albashin malaman firamare da na ma'aikata, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, ga mazaɓu kowacce da kukanta, wannan rijiyar burtsatse, wancan rufin aji, wancan magani a asibitin sha-ka-tafi. Duk na saurare shi kuma ban ce ƙarya yake ba, don ni ma malami ne, na san daga inda albashin 'yan uwanmu na firamare yake fitowa. Sai ya kawo maganar da ta tsaya min a rai har yanzu da nake rubutun nan. Ya ce, "Kuma Malam tsakani da Allah, ai jirgin ma ba kullum yake zuwa ba. Wani lokacin sai a yi sati ba a gan shi ba."

Kafin in buɗe baki Baffa ya riga ni. Kun san Baffa da maganar reluwe, aikin da ya yi har ya yi ritaya. Ya ce, "Ɗana, ai wannan ɗin shi ne abin tsoron." Ya ce a zamaninsu jirgi na da lokaci, matan unguwa da kukansa suke sanin lokacin ɗora tukunya, yaro ma ya san ƙarfe kaza ba a wasa a kan dogo. Akwai mai gadi a ɗan ɗakin nan da yanzu ake ajiye buhunan gawayi, da jar tuta da koriya, da dare kuma fitila, ana sanar da shi daga tasha ya fito ya rufe hanya tun jirgi bai doso ba. Yanzu da jirgin ya zama sai an ga dama, mutane sun manta da shi, an kafa tebura har kan duwatsun dogo, an yi rumfuna sun tare gani, direba ba ya hango komai sai ya hau kan ƙarfen. Ya ce jirgi ba shi da sitiyarin da zai kauce maka, ƙarfe ne a kan ƙarfe, in ya ɗauko kaya da gudu ko direba ya danne birki gaba ɗaya sai ya ci ɗaruruwan mitoci, wani ma ya haura kilomita kafin ya tsaya. Kuma girmansa na yaudarar ido, sai ka ga kamar rarrafe yake alhali ya kusa cim maka.

Honarabul ya ce gaskiya ne Baffa, Allah Ya kiyaye. Ni kuma raina ya riga ya ɓaci, na ce Honarabul Allah na kiyayewa amma mu ma an ba mu hankali. Na tuna masa abin da ya faru a Ikeja ranar 9 ga Maris 2023, da safe, motar da ke kai ma'aikatan gwamnatin Legas aiki ta yi ƙoƙarin hayewa jirgi ya kwashe ta ya yi ta ja, mutum 6 suka rasu, da dama suka jikkata. Kafin nan a Disambar 2022 jirgin Abuja zuwa Kaduna, bai fi kwanaki da dawowa aiki ba, ya murƙushe wata mata a cikin motarta a wajen Kubwa. Waɗancan wuraren ma da safiyar ranar ba wanda ya ce yau ne.

Ya ce ai Legas daban, su da suka gina gadojin sama a Yaba da Oyingbo da Mushin da Ikeja saboda sabon jirginsu, mu ina muka ga wannan kuɗin, gadar sama ɗaya sai ta cinye kasonmu na shekaru. Na ce wa ya tambaye ku gadar sama? A nan ne muka ɗan ɗaga murya har Yaya ya leƙo ya ce lafiya.

Abin da na gaya masa shi zan maimaita a nan don har yanzu a kansa nake. Na yarda dogo ba nasu ba ne. Amma titin da ya zo ya hau dogon na waye? Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, wanda nake koya wa yara duk shekara, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma ƙarara: tituna na cikin gari, fitilun kan titi, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota. To lambatun da ya toshe yake turo ruwa yana cin kwaltar bakin dogo, nasu ne. Tudun rage gudu a kowane ɓangare kafin a iso, nasu ne. Fitilar sola guda biyu don mai tafiya da dare ya ga inda yake, nasu ne. Teburan da suka tare gani, su ke aiko yaro da rasit duk ranar kasuwa ya karɓi kuɗin haraji a wurinsu, in sun iya karɓar kuɗi a hannun mutum sun iya nema masa wuri su ce ya ja baya. Ko allon gargaɗi babu a wurin, allo fa. Duk waɗannan ba sa buƙatar jiran amsar takarda daga ko'ina. Ƙarfen tare hanya da mai gadi su ne sai an zauna da masu dogo, to a zauna mana, mutum biyu masu karɓa-karɓa nawa ne albashinsu a wata?

Kuma maganar ba huruminmu ba ne ta fara tsufa. Tun watan Maris 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya cire harkar jiragen ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke iko da su, yanzu jihohi ma na da ta cewa. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, a daina riƙe shi a hannun gwamnoni, kuma kason nan kashi 20.6 ne cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya. Da na faɗi haka ya yi murmushi ya ce, "Malam, hukunci na takarda, mu da ke ciki mu muka san abin da ke isowa." Wannan kam ban musa masa ba. Amma na ce ko a cikin ɗan abin da ke isowa ai ana zaɓe, an zaɓi a yi wa katangar sakatariya fenti bana, kowa ya gani.

Ya yi shiru. Daga baya ya ce in mai unguwa da limamai da shugabannin makarantun da yaransu ke hayewa suka rubuto takarda ɗaya da sa hannunsu, zai fi masa ƙarfin tsayawa gaban ciyaman, don shi kaɗai in ya yi magana sai a ce mazaɓarsa yake wa kamfen. Na ga gaskiyarsa a nan. Muka rabu lafiya, har ya ce in gaida Maman Ummi, amma na lura bai ƙarasa namansa ba, kuma ban so abin ya zo a ranar farin cikin Yaya ba.

Tun da na dawo gida abin ke juya min. Baffa ya ce tun 1911 dogon nan ya isa Kano, garin ne ya girma ya zo ya same shi ya kewaye shi, makarantu suka koma wancan ɓangaren, gidaje suka yi yawa a wannan. Ga shi ana ta aikin sabon layi na zamani daga Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi, ana maganar biliyoyi, mu kuma a tsohon layi muna neman a cike rami ɗaya da bai kai faɗin tabarma ba. Ina ta ganin fuskar 'yar nan mai awara. Ban san 'yar waye ba, na dai san yunifom ɗin makarantarsu, kuma gobe da safe a cikin sahun nan za a sake ɗauko ta, ta kan ramin nan. Da yaran masu faci sun tafi karyawa a lokacin fa? Da jirgin fasinja ne mai ɗan gudu? Ba na son in ƙarasa tunanin.

Abin da ya fi damuna ma ba Honarabul ba ne, dariyar da aka yi ce da safe. Har da iyaye a cikin masu dariyar.

Bayan isha'i na biya wajen mai unguwa, ya karɓi maganar hannu bibbiyu, ya ce shi ma jikokinsa ta nan suke bi zuwa islamiyya, in rubuto takardar shi zai zagaya da ita da kansa ranar Juma'a bayan an sauko. Ya ce kada a cika ta da surutu, a faɗi abin da ake so da kuɗinsa. Don haka gobe in an tashi daga makaranta zan nemi birkilan da ya yi mana aikin soro ya je ya duba ramin da lambatun ya faɗa min buhun siminti nawa da tifar yashi nawa za su ci, sannan in tambayi kuɗin fitilar sola a kasuwa. Maman Ummi ta ce kafin nan in riƙa zagayawa da yara ta ƙarƙashin gada ko da man zai ƙaru. Na ce to.

An kawo wuta ƙarfe goma, na sa waya a caji, na jiƙa wa Auta yunifom ɗinsa da ya ɓata da zoɓo. Sai da safenku.