Bin sawun yoyo a jirgin ruwa mai inji

Jirgin na faiba ne, tsawonsa mita 12, da injin dizal biyu. Abin da ya tona matsalar shi ne famfon kwashe ruwa da ke can gindin jirgin, wurin da masu aikin jirgi ke kira bilji: yana tashi da kansa sau huɗu zuwa biyar a yini alhali jirgin na ɗaure a gaɓa. Irin wannan famfo rufa wa yoyo asiri yake yi. Ranar da batir ya mutu ko makunninsa ya maƙale, ranar za a san yawan ruwan da ke shiga.

Kafin in ɗauki sufana sai da na tantance irin ruwan. Na ɗiga kaɗan a kan baƙin faranti na shanya a rana. Idan ya bushe ya bar farin gishiri, daga teku yake. Idan bai bar komai ba, to ruwan sama ne, ko na tanki, ko wanda na'urar sanyaya ɗaki ke tarawa. Ban ɗanɗana ba, kuma ba na ba kowa shawarar hakan, domin a nan dizal da ruwan sanyaya inji da na banɗaki ke haɗuwa. Nawa ya bar gishiri ɗan kaɗan, alamar ruwa iri biyu ne suka gauraya, wato yoyon ya fi ɗaya. A tafki ko kogi wannan gwaji ba ya aiki, sai a zuba kalar abinci a tankin ruwan sha a ga ko za ta ɓullo a ƙasa.

Daga nan na tsane gindin jirgin ƙarƙaf da soso da tsumma, na barbaɗa hoda a bango da kewayen kowane bututu, na shimfiɗa tishu a ƙarƙashin mahaɗai. Ruwa yakan bi waya ko tiyo ya yi tafiyar mita biyu ko uku kafin ya ɗiga, don haka inda ya taru ba ya nuna inda ya shigo. Layin da ya tsaga a cikin hodar shi ake bi da tocila, daga ƙasa zuwa sama.

Layin farko ya kai ni inda sandar farfela ta hagu ke ratsa jikin jirgi. A wurin akwai gida na tagulla da aka cusa wa zoben igiya mai maiƙo, babban noti na matse shi. An yi shi ne ya riƙa ɗiga kaɗan domin ruwan ya sanyaya sandar: ɗigo biyu ko uku a minti idan tana juyawa, kusan babu idan tana tsaye. Wannan kuwa ɗigo ɗaya yake yi kowace daƙiƙa a tsaye, abin da ya haura lita 4 a kwana. Na sassauta notin kulle, na ƙara matse babban da kwatan juyi, bai daina ba. Igiyar ta riga ta ƙone ta yi tauri. Da aka ɗaga jirgin kan tudu na zaƙulo tsohuwar da ƙugiya, na nannaɗe sabuwa a jikin sandar na yanka zobe uku a karkace, na sa su ɗaya bayan ɗaya, bakin kowanne na nesa da na ɗan'uwansa da digiri 120. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne matsewa har ɗigon ya ɗauke gaba ɗaya. Sai igiyar ta yi zafi ta ci sandar ta bar mata kwari, daga nan kuma babu igiyar da za ta riƙe. Bayan tafiyar minti 20 na ɗora hannu a kai: ɗumi ba laifi, amma in hannu ya kasa zama, a sassauta.

Tun jirgin na kan tudu na bi bawul-bawul ɗin da ke rufe ramukan jikin jirgi da ke ƙasa da layin ruwa, wato iyakar inda ruwa ke kaiwa a jikinsa, na buɗe na rufe kowanne, na kankare jikinsu da wuƙa. Wanda ya nuna launin ja-ja maimakon ruwan ɗorawa, zinkin cikinsa ya zube, zai iya karyewa a hannu. Ɗaya na samu haka na canja shi. Kowane tiyo na sa masa kilif biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, na ɗaure toshiyar katako mai tsini kusa da kowane bawul. Rami mai faɗin santimita 2.5 a zurfin santimita 30 yana shigar da fiye da lita 40 a minti, babu lokacin neman abin toshewa.

Yoyo na biyu kunne ne ya kama shi. Da dare, duk kan famfo a rufe, injin tura ruwan sha yana yin gurnani na daƙiƙa biyu kowane minti goma, alamar ruwa na zuba a wani wuri. Mahaɗin roba ne a bakin hitar ɗumama ruwa ya tsage kamar silin gashi, yana ƙara buɗewa in ruwan ya yi zafi. Canji kawai.

Na uku ya fi cin lokaci, don sai an yi ruwan sama yake bayyana. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ni kuma na riƙe tiyo a waje ina jiƙa wuri ɗaya tak na tsawon minti goma kafin in matsa sama. In aka fara daga sama, ruwan zai gangaro ya jiƙa ko'ina a rasa gane bakin zaren. Tagar da kowa ke zargi lafiyarta ƙalau; gindin ƙarfen dogarin gefen jirgi ne, wanda wani ya taɓa shafa wa silikon ta waje. Shafe ta waje ba ya riƙewa, kuma inda silikon ya taɓa wani gam ba ya kamawa sai an kankare shi tas.

Da na cire ƙarfen, katakon balsa da ke tsakanin faiba biyu na daɓen ya yi baƙi ya jiƙe. Na faɗaɗa ramukan, na sa lanƙwasasshiyar ƙusa a injin huda na kwashe ruɓaɓɓen katakon kimanin santimita ɗaya kewaye, na bar shi kwanaki ya bushe, na liƙe ƙasan da tef na cika da efoksi mai kauri, wani gam da ke sandarewa ya yi tauri. Da ya sandare na sake huda daidai girman sukurun, na ɗan fafe bakin ramin domin gam ya sami wurin zama, na goge da asiton, na shimfiɗa tef ɗin butil, roba mai danƙo da ke hana ruwa shiga. Gam irin su 3M 4200 ko Sikaflex 291 ma suna yi. Gam ɗin 3M 5200 kam na guje shi, don ranar cirewa sai ya taho da fatar faiba. Wajen ɗaurewa, a riƙe kan sukurun ta sama kada ya juya, a murza notin ta ƙasa kaɗai, in ba haka ba gam ɗin zai yage a cikin ramin.

Na sake tsane bilji, na barbaɗa sabuwar hoda, na haɗa wa famfon ƙaramin abin ƙirga tashinsa. Mako guda, har da ruwan sama sau biyu, lambar ba ta motsa ba.