Hawan dutse da kwanan daji a hanyar Gure

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san duwatsun Birni, yara ma hawansu suke yi ba takalmi. Wannan sabawar ce ke ruɗin mutane. Wanda zai bar Zinder ya bi hanyar Gure, ya wuce Miriya da Gidimuni, ya nufi tsaunukan Muniyo ko ya yi arewa zuwa Kutus, ya san cewa can dutse dogo ne, asibiti kuma da nisa.

Lokacin tafiya daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Da bazara zafi yana wuce digiri 40, dutse ya ƙona tafin hannu, robar takalmi ta yi laushi ta riƙa zamewa. Ko da hunturu ma, a fara hawa bayan sallar asuba, a sauko kafin ƙarfe 11. Ruwan sha lita 6 ga kowane mutum a rana, ban da na girki da alwala, a kuma ƙara na kwana ɗaya. A raba shi a bido biyu ko uku, don in ɗaya ta fashe a kan gargada kada a rasa duka. Tayar canji biyu ya kamata a ɗauka, saboda ƙayar aduwa ba ta raga wa taya.

Dutsen Muniyo irin na Birni ne, mai tsauri da kaushi, ƙafa tana kama shi sosai. Illarsa ita ce zafin rana da sanyin dare suna sa shi yin ɓawo kamar albasa. Kafin ka ɗora nauyinka a kan wani leɓe, ƙwanƙwasa shi da dunƙulen hannu. In amon ya nuna babu komai a bayansa, rabu da shi, komai kyawun kamunsa. Na Kutus kuwa dutsen yashi ne, ya fi saurin marmashewa. Kuma kada ka cusa hannu a tsagar da idonka bai ga cikinta ba, can zuma da maciji suke fakewa.

Maganar igiya ce ta fi damuna. Ta ɗaure kaya da ake saye a kasuwar Dole ba ta miƙewa, in mutum ya faɗo duk fizgar a ƙugunsa take ƙarewa, ko ma ta tsinke. A nemi ainihin igiyar hawa, tsawon mita 60, kaurin milimita 10, da ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi, da hular kwano. Wajen ɗaura igiya a ɗamara, ƙullin siffar lamba 8 ake yi, a bar jela kamar santimita 15, abokin hawa ya duba kafin a ɗaga ƙafa. A mota kada igiya ta kusanci batir, ruwansa yana cin zaren ba tare da an gani ba.

Saukowa ta fi hawa haɗari, domin ga gajiya, ga shi ba ka ganin inda za ka taka. Tun kana ƙasa ka zaɓi hanyar dawowa. In da igiya za a sauko, a kafa ta a wuri biyu, a ƙulle bakinta duka biyun don kada mutum ya zarce.

Wajen kwana, a fara gaida mai gari, a nemi ɗan gari da ya san dutsen, a kuma sanar da jandarmomi inda aka dosa, su ne za su faɗi halin da hanya ke ciki. Kada a kafa tanti cikin kwari ko gindin dutse inda tsakuwa ke gangarowa. A share karangiya, a ɗauki bargo mai kauri don sanyin asuba ba wasa ba ne, a zazzage takalmi da safe saboda kunama. In kububuwa ta sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau. A hana gaɓar motsi, a sa shi a mota, a nufi asibiti mafi kusa nan take.