Kashin ɓera ne ko na jemage? Duba kafin ka sa magani

Yawancin mutane da zarar sun ga baƙaƙen ƙwayoyi a bayan kabad ko a kan taga sai su yanke hukunci ɓera ne, su sayo guba su baza. Sau da yawa tsaka ce ta yi, ko kyankyaso, ko jemage, kuma maganin ɓera ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Kyanwa ko kaza ko yaro mai rarrafe ne za su iya cin karo da shi. Kashin da kansa yana faɗin mai shi idan aka duba tsawonsa, bakinsa, abin da ke cikinsa, da wurin da aka same shi.

Kashin ƙaramin ɓeran gida milimita 3 zuwa 6 ne, siffarsa kamar ƙwayar shinkafa, bakinsa biyu masu tsini. Ɓera ɗaya yakan zubar da 50 zuwa 80 a rana, yana tafiya yana yi, shi ya sa ake samunsa a warwatse a gindin bango, cikin durowa da bayan murhu. Na babban ɓera yakan kai milimita 12 zuwa 18, ya fi kauri, kuma yakan taru wuri guda. Sabo baƙi ne mai laushi da sheƙi. Bayan kwana biyu ko uku sai ya dushe ya yi tauri. In ka ga manya da ƙanana a haɗe, akwai alamar sun hayayyafa a gidan.

Na jemage mai cin ƙwari shi ya fi ruɗa mutane, don girmansa da launinsa kusan ɗaya ne da na ɓera. Sa safar hannu da takunkumi, ka ɗauki busasshiyar ƙwaya ɗaya cikin takarda ka murza. Na ɓera ya bushe da tauri, ba ya marmashewa da sauƙi. Na jemage nan take yake zama gari, kuma a ƙarƙashin tocila za ka ga ƙyalli-ƙyalli, wato ɓarɓashin fukafukai da ɓawon ƙwarin da ya ci. Sannan jemage daga inda yake rataye yake saki, don haka kashin yakan yi tudu daidai ƙarƙashin wata kafa a silin ko bakin rufi, wani har ya manne a jikin bango. Jemage mai rage sauro da sauran ƙwari ne, bai cancanci kisa ba. A jira lokacin da babu 'ya'ya a ciki, su fita kiwo da magariba, sannan a toshe kafar. In an toshe suna ciki, wari ne zai biyo baya.

Farin ɗigo a baki ɗaya na ƙwayar yana kawar da zancen ɓera gaba ɗaya. Tsaka, ƙadangare, maciji da tsuntsu ba sa fitsari daban, farin nan shi ne fitsarinsu. Ƙarami mai farin kai na tsaka ne ko ƙadangare. Idan kuwa babba ne, a caɓe, da gashi ko ƙananan ƙasusuwa a ciki, a yi zaton maciji, kuma a tuna abin da ya kawo shi galibi ɓeraye ne. Na babban kyankyaso gajere ne, bakinsa a dakushe, da siraran layuka a tsawonsa.

A lambu aikin ya fi sauƙi. Zomo yana barin dunƙulallun ƙwayoyi kimanin santimita 1, cike da zaren ciyawa. Na bushiya baƙi ne dogo, har santimita 5, da ɓawon ƙwaro a ciki. Na kwaɗo ma haka yake, kuma ya fi girman da ake zato. Dunƙulen gashi da ƙasusuwa a gindin bishiya aman mujiya ne.

Babban kuskure wajen kwashewa shi ne sa tsintsiya a busasshen kashi. Ƙurar da ke tashi ita ake shaƙa, kuma ta kashi da fitsarin wasu ɓeraye ake kamuwa da zazzaɓin Lassa da cutar hantabairos mai kama huhu ko ƙoda, tsohon tarin kashin jemage kuma yana ɗauke da naman gwarin da ke shiga huhu. A buɗe ƙofa da tagogi na minti 30 tukuna. A haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 9, a jiƙa wurin sharkaf, a bar shi minti 5, a kwashe da takarda a ƙulle a leda, sannan a goge wurin a wanke hannu da sabulu. Kada a gauraya bilic da wani sinadarin wanki, yana iya fitar da iska mai guba.

Bayan an share, a barbaɗa ɗan gari a gindin bango a duba da safe. Sabon kashi da sawu za su nuna hanyar shigowa, kuma ramin da fensir zai shiga, wato kimanin milimita 6, ya ishi ƙaramin ɓera wucewa. A cusa masa wayar wanke tukunya a shafe da siminti, don tsumma da soso cinye su yake yi.